Kebul na Biyu

"Wai da gaske ne tsohon nan aka turo mana?"

"Wane tsoho?"

"Na hawa na huɗu mana, mai zanen cip. Wanda in ka gaishe shi a lif sai ya duba agogo."

"Kai! Shi? Me zai zo ya yi a nan?"

"An rufe musu sashe. Yaransa duk sun watse, shi ne ba wanda ya ɗauka."

"To mu gidan ajiye tsofaffi ne?"

"Ka gan shi jiya kuwa? Oga ya miƙa masa kebul, ya tsaya yana jujjuya shi kamar an ba shi jelar gafiya."

"A'a, yi masa adalci. Takardar bayanin kebul ɗin ya nema tukuna."

"Takardar kebul?"

"Wallahi. Wai zai karanta."

Dariyar ta daɗe kafin ta lafa. Wanda ake magana a kansa yana tsaye a bayan allon katakon da ya raba wurin haɗa shayi da hanyar wucewa, kofi a hannunsa. Bai shiga ba. Ya juya ya koma teburinsa, kofin babu ko ɗigo a ciki, ya zauna, har ya kai shi baki sau ɗaya don kada na kusa da shi ya gane.

A gida Injiniya ake ce masa. A hawa na huɗu ma haka, da can, kuma a tsaye ake faɗa. A hawan ƙasa, inda sashen netwok yake, masu kula da igiyoyi da na'urorin da ke haɗa kwamfutocin kamfanin da juna da kuma intanet, tun safiyar farko suka raɗa masa Baba.

Sama da shekara ashirin ya yi yana zana cip, ɗan baƙin abin nan mai kama da ƙwaro da ake gani in an buɗe bayan waya ko rediyo. Bai kai farcen babban yatsa ba, amma cikinsa hanyoyin wuta ne da ba sa ƙirguwa, kuma aikin Injiniya shi ne shimfiɗa su a allon kwamfuta. Sana'ar doka ɗaya gare ta, ita ta haifi sauran: in zane ya tafi masana'anta, an gama. Ba a buɗe cip a gyara. Kuskurenka zai fito dubu bisa dubu, kowanne a aljihun wani. Shi ya sa mutanen hawa na huɗu suke duba abu, su sake dubawa, su kira wani ya duba dubawar. Duk inda hanyoyi biyu suka haɗu, mahaɗi biyu suke sawa, don in ɗaya ya lalace wajen ƙira ɗayan ya riƙe. Zane kuwa a wurinsu ba ya ƙarya. Abin da ke cikin zane shi ne a cikin cip, ba ragi ba ƙari, tunda daga zanen aka ƙera shi.

Ya iya aikin, wannan ba wanda ya taɓa musu. Ya kuma san ya iya. In sabon ma'aikaci ya kawo zane, a bango yake haska shi gaban kowa, ya bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya, in ya gama ya ce, "Wace makaranta ka ce ka yi? Faɗa mana, mu san inda ba za mu kai 'ya'yanmu ba." In intanet ya tsaya masa kuma, sai ya ɗaga wayar tebur ya ce, "A turo min ɗaya daga cikinsu." Bai taɓa riƙe sunan ko mutum ɗaya a hawan ƙasa ba.

Sai kamfani ya ga sayen zanen da aka riga aka gama a waje ya fi masa sauƙi. Yaran da yake haskawa a bango duk suka sami wuri. Shi ma ya je hira nan da can, a kalli furfurarsa, a yaba tarihin aikinsa, a ce za a neme shi. Da ya gaji da jira ne Manaja ta kira shi, wata mace mai saurin magana wadda kullum waya biyu ke hannunta.

"Kujera ɗaya ce ta rage a gidan nan, Injiniya, kuma a ƙasa take. Ka zauna a kai zuwa ƙarshen zango. In shugaban sashen ya ce ka iya, taka ce. In ya ce a'a, ni ba ni da wata."

Shugaban sashen shi ne Oga. Da ƙyar in ya kai arba'in, ga sanyin murya, ga tarin makullai rataye a wuya. Yana da wani abokinsa tun na makaranta da ya daɗe yana yi wa tanadin wannan kujera, kuma kowa a hawan ya san haka, har mai shara.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Oga, har da ɗan rusunawa. "Ba rashin kunya ba, amma mu nan ba makaranta ba ce. Ba mai lokacin koyar da kowa. Ka ga kowa nan, da kansa ya koya."

"Ban ce a koya min ba."

"Madalla. Na san manya irinku ba sa buƙata."

Da kansa kuwa ya koya, kuma ta hanyar da ya saba. Ya je kasuwar tsofaffin na'urori ya sayo suwic biyu, akwatunan ƙarfen nan masu jerin ramuka inda kebul ɗin kowace kwamfuta ke zuwa ya shiga, ya jibge su a teburin cin abinci. Ya cire 'yar na'urar intanet ɗin gidan daga bayan talabijin ya haɗa ta da su. Daga ranar iyali suka koma cin abinci a cinya, fankokin akwatunan suna kuka kamar an kunna injin niƙa a falo. Ya sauke takardun ƙa'idojin sana'ar ya fara daga shafi na ɗaya, da jan biro, yana ja wa marubutan layi inda suka yi sakaci. Kafin gari ya waye sosai yana teburin, in ya dawo daga aiki ma can yake zarcewa da takalmi a ƙafa.

Matarsa labule da zannuwan gado take sayarwa, kuma ta waya take cinikinta: ta tura hoto, a zaɓa, ta aika. Wata yamma ta same shi ya dafe kai.

"Kin san abin da mutanen nan suke yi?" ya ce, bai ko ɗago ba. "Saƙo ya ɓace a hanya, sai su sake turawa. Shi ke nan fa. Ba mai tambayar ina na farkon ya shiga."

"To in na biyun ya isa, ina ruwanka da na farko?"

"Ke ma irinsu ce."

"Ni dai hoton labule nake son turawa, tun la'asar yake juyawa. Matar nan ta kira ni har ta gaji. Don Allah, Injiniya, ka mayar mana da abin nan yadda yake."

"Gwaji nake yi."

"Cinikina fa?"

Sai a lokacin ya cire tabarau ya dube ta. "Cinikin naki ko akuya aka ba wa waya ai za ta yi. Ki bar ni in yi abin da ke riƙe da gidan nan."

Ta ɗauke kofin shayin da ta kawo masa, ta koma da shi kicin.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe wadda ke jami'a, ita ma ta gwada tata. Ta jawo kujera kusa da shi da wayarta a hannu.

"Abba, akwai wani yaro yana koyar da wannan a bidiyo, wallahi a sauƙaƙe. Abokan karatuna da shi suka ci jarrabawa."

"Yaro. A bidiyo." Ya juya shafi. "Ashe shi ya sa kika maimaita shekara."

Ta mayar da kujerar inda ta ɗauko ta, a hankali, don kada ta yi ƙara. Bayan 'yan kwanaki ƙorafi ya ɗauke a gidan. Ba mai cewa hoto ya ƙi tafiya, ba mai cewa darasi ya yanke. Injiniya ya ɗauki wannan a matsayin shaida: netwok ɗin farko da ya gina da hannunsa yana aiki, har ba wanda ke jin motsinsa.

A ofis kuwa aikin da Oga ya ba shi shi ne sa wa kebul kai. Siraran wayoyi ne masu launi a ciki, a jera su bisa tsari, a zura a ɗan kan roba, a matse. Idonsa ba ya raba ruwan ƙasa da ruwan lemo sai ya kai su gaban taga. Dogo, wanda teburinsa ke kallon nasa kuma bakinsa ba ya hutawa, shi ke sanar da hawan duk wanda ya lalace.

"Jama'a, an yi rashi! Wani kan ya sake tafiya. Baba, a ƙara maka fitila ko a kira jikanka?"

Wata rana Dogo ya taso da fuskar damuwa. "Baba, taimaka mana. Saƙo ɗaya ya ɓace tsakanin nan da hawa na biyu, kuma mun ji an ce kai ba ka yarda saƙo ya ɓace. Ina jin ƙarƙashin teburinka ya faɗa. Ɗan leƙa."

Bai leƙa ba. Amma idonsa ya sauka ƙasa na ƙiftawa ɗaya kafin ya kama kansa, kuma wannan ya ishe su dariya har aka tashi.

Abin haushin shi ne yana koyo da gaske. Lambobin adireshin kwamfutoci, waɗanda su Dogo ke lissafawa da waya, shi da ka yake raba su, don a irin wannan lissafi ya tsufa. Ya nuna musu sau ɗaya, Dogo ya ce, "Ma sha Allah, Baba. In wayata ta mutu zan kira ka." Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne yadda suke aiki. Mutane suna kan layi, su canza abu, in ya tsaya su mayar, in bai tsaya ba su tafi cin abinci. Duk canjin da aka ba shi sai ya nemi mako ya yi nazari.

"Baba," Oga kan ce, "mutane suna jira. A gwada a gani."

"Ba a gwada abu a kan mutane."

"Mu a kan wa za mu gwada? Aljanu?"

Da zangon ya kusa ƙarewa, Oga ya ba shi aikinsa na farko na gaske, ya kuma faɗa a gaban kowa cewa da shi za a yanke hukunci. Hawa na biyu, inda masu amsa kiran abokan ciniki suke, za a sa wa sabon suwic. A kwashe kebul ɗinsu daga tsohon a mayar sabon, a haɗa sabon da babban suwic na ginin. Aikin rabin yini.

"Ina son zanen netwok ɗin ginin nan," in ji Injiniya.

Dogo ya buɗe baki zai yi magana, Oga ya riga shi. "Sosai ma, Baba. Yanzu zan buga maka."

Ya kai zanen gida ya shimfiɗa a kan akwatunansa. Nan take idonsa ya faɗa kan abu ɗaya: duk hawan, mutum sama da hamsin, a kan kebul ɗaya tak za su rataya. Mahaɗi ɗaya. A hawa na huɗu da wani ya kawo masa haka, da ya kwana yana jin sunan makarantarsu.

Ya san haɗarin sa na biyu, don ya karanta. In ka haɗa suwic biyu da kebul biyu, hanya ta zama zobe. Saƙon da aka yi shelarsa ga kowa zai fita ta ɗaya ya dawo ta ɗayan, ya sake fita, yana hayayyafa, har ya cika hanya ba abin da ke wucewa. Amma ya kuma karanta cewa akwai kariya a cikin suwic: in ta hango zobe sai ta toshe kebul ɗaya, ta ajiye shi don ranar da ɗan'uwansa ya mutu. Wannan ne abu na farko a sana'ar da ya ji yana girmamawa. Ya duba zanen Oga, ga shi a rubuce a gefen kowane suwic cewa kariyar a kunne take. Ya gwada a teburin cin abinci: ya sa kebul na biyu, akwatin ya toshe shi, ya zare na farko, na biyun ya karɓa. Ya maimaita har ya gamsu.

Abin da bai sani ba shi ne a hawan ƙasa ba daga zane ake gina netwok ba. Sai an gama ake zanawa, in an tuna. Kariyar nan Oga da hannunsa ya kashe ta shekarun baya, lokacin da ma'aikata suka dame shi cewa kwamfuta tana jinkirin kamawa da safe, kuma bai taɓa komawa kan zanen ba.

Ranar aikin, bayan azahar, su uku ne a ɗan ɗakin na'urorin da ke ƙarshen barandar hawa na biyu. Injiniya a durƙushe gaban akwatin, Dogo yana haska masa da waya, Oga ya jingina da ƙofa yana wasa da makullansa. Aikin ya tafi tsaf. Kowane kebul da lambarsa, kowanne ya shiga raminsa, ba wanda layinsa ya yanke fiye da numfashi ɗaya.

Sai Injiniya ya buɗe jakarsa ya ciro wani kebul shuɗi, wanda ya sa wa kai da kansa a gaban taga.

Dogo ya ja da baya zuwa ƙofa. Ƙarar fankoki ta rufe raɗarsa. "Oga, kana ganin abin da ke hannunsa?"

"Ina gani."

"Kariyar nan fa ai..."

"Baba ya karanta zane. Bar shi ya yi aikinsa."

Kebul ɗin ya shiga da ɗan ƙas. 'Yan fitilun gaban akwatin, waɗanda da kowace ke ƙyaftawa a nata lokacin, suka fara ƙyaftawa tare, da sauri, da sauri, har suka tsaya cak a kunne. Daga cikin babban ɗakin muryoyi suka taso.

"Halo? Halo? Ranka ya daɗe, kana ji na?"

"Layina ya yanke!"

"Nawa ma!"

"Kai, har na ƙasa wai sun tsaya!"

Dogo, duk da bakinsa, ya miƙa hannu zai zare kebul ɗin. Injiniya ya buge hannun ya tare gaban akwatin da jikinsa.

"Kada ka taɓa! Kada kowa ya taɓa komai!"

A sana'arsa haka ake yi. In cip ya gaza a teburin gwaji, ba a motsa ko tsinke. A bar shi yadda ya mutu, a auna, a rubuta, don in ka taɓa wani abu matsalar za ta ɓuya, ta je ta jira ka a masana'anta. Ya ciro wayarsa ya fara ɗaukar hoton fitilun.

"Baba, cire kebul ɗin nan!"

"Ba daga shi ba ne. Zane ya ce akwai kariya. Na gwada a gida."

"A gida! Oga, ka ji wai a gida!"

Oga bai motsa daga jikin ƙofa ba. Barandar ta cika da mutane, wasu da abin sauraro har yanzu a kunne, igiyarsa tana lilo. Wata ta ce wani dattijo take taimaka wa ya toshe katinsa da aka sace. Injiniya yana ta ɗaukar hoto, zufa tana ɗiga daga haɓarsa kan allon wayar. Sai da aka ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmin Manaja a matakala, wadda taronta na bidiyo da masu kamfanin ya mutu tana tsakiyar magana, sai da ta iso bakin ƙofa kowa ya buɗa mata, sannan Oga ya miƙe.

"Baba, ɗan matsa min kaɗan, don girman Allah."

Da yatsu biyu ya zare shuɗin kebul ɗin. Fitilun suka koma ƙyaftawarsu. Can ciki wata waya ta yi ƙara, sai wata, sai duka. Oga ya ɗaga kebul ɗin sama yadda na baya ma za su gani.

A ofishin Manaja, Injiniya ya shimfiɗa zanen a tebur ya fara bayani, tun daga yadda kariyar ke aiki. Ta bar shi ya yi nisa, tana amsa saƙo a waya ɗaya.

"Injiniya, ni ba na jin wannan yaren. Wa ya sa kebul ɗin?"

"Ni ne, amma zanen..."

"An ce ka sa?"

"Ba a ce ba. Hankali ne ya..."

"Da aka ce ka cire, ka cire?"

Ya mayar da ido kan zanen.

"Da aka cire, ya dawo?"

"Ya dawo."

"To."

Ta juya ga Oga. Oga ya sunkuyar da kai kamar mai ta'aziyya. "Zanen ya ɗan tsufa, wannan gaskiya ne, za mu gyara. Da Baba ya tambaye ni da na faɗa masa. Amma kin san manya, tambayar yaro tana yi musu nauyi. Ni dai tsorona kada wata rana ya zo ba na kusa."

Ƙarshen wata aka ba Injiniya ya bar aiki.

Da ya isa gida matarsa tana falo tana ninke zannuwan gado, Auta tana taya ta. Ya faɗa musu a tsaye, a taƙaice, har da zanen da Oga. Matar ba ta daina ninkewa ba.

"Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sai ka kwashe min akwatunan nan daga tebur, ina da baƙi jibi."

"In na kwashe su intanet ɗin gidan zai tsaya. A kansu yake tafiya."

Uwa da 'ya suka dubi juna. Auta ce ta fara sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Wane gida?" in ji matar. "Mu tun tuni muka sayi 'yar na'urarmu, tana ɗakin Auta a cikin kwabar kaya. Ba wanda ke kan naka sai kai."

"Kuka bar ni ina cewa..."

"Ka tambaye mu ne? Riƙe min bakin nan, Auta. Ai mu akuyoyi ne, an ba mu waya mun yi abinmu."

Ya kwashe akwatunan shi kaɗai. Suna da nauyi, ba wadda ta tashi.

Sauran kwanakin ya ci gaba da zuwa a kan lokaci, don bai san yadda ake makara ba. An maƙale shuɗin kebul ɗin a allon sanarwa na sashen, da 'yar takarda a ƙasa: Gudummawar Baba. Abokin Oga ya zo ganin wuri tun kafin watan ya ƙare, wani mai fara'a da turare mai ƙarfi. Ya gaishe da Injiniya hannu biyu, sannan ya dafa bayan kujerar da yake zaune a kai ya ɗan girgiza ta.

"Tana juyawa kuwa, Baba? Bayana ba ya son mai tauri."

"Tana juyawa," in ji Injiniya.

Ya sake aika takardu, wannan karon neman aikin netwok. Duk inda ya je tambaya ɗaya ce: a ina ka taɓa yi? Ya ce ya karanta, ya gina a gida. Wani mai hirar ya yi murmushi ya ce ɗansa ma yana da irin wannan sha'awar.

Dogo ne ya kawo maganar kwangilar, da wasa. Kamfani yana gyara ɓangaren baya na ginin, ɗan kwangila yana neman hannaye da za su hau tsani su ja kebul ta cikin silin, aikin yini-yini, kuma Oga ne ke ba shi sunaye. "Baba, ga dama fa! Sai dai a can kebul ɗaya-ɗaya ake ja, ka yi haƙuri." Aka yi dariya. Injiniya bai yi ba. Ya lissafa abin yadda ya saba lissafi: mai wannan aikin yana riƙe katin shiga ginin, yana iya cewa ya taɓa yi a wani wuri, kuma ba ya wuni a falo tsakanin mata biyu da ba sa yi masa magana.

Ranar ƙarshe ya kwashe tabaransa na biyu da jan bironsa ya sa a jaka, ya wanke kofin ya kife. Oga yana babban ɗakin na'urori tare da abokinsa da Dogo da wasu biyu, yana nuna wa sabon inda komai yake. Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa har aka lura da shi. Ya matsa kusa da Oga ya yi maganar ƙasa-ƙasa, idonsa a kan makullan.

Oga ya kai hannu bayan kunne. "Na'am? Fankokin nan, Baba, sun kashe min kunne. Me ka ce?"

Ya maimaita, ya ɗan ƙara.

"Wallahi ban ji ba. Dogo, kai ka ji? Ku yi shiru mana, Baba yana magana."

Duka suka juyo. Injiniya ya sauke jakarsa ƙasa, ya gyara tsayuwa, ya haɗa hannuwansa biyu a gaba.

"Oga, aikin jan kebul ɗin nan na cikin silin. Ina iya hawa tsani. Don Allah ka taimaka ka ba da sunana."